Ranar da Bajapane Ya Durƙusa a Bayan Firijin Inna Kulu

Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa cewa gyaran firij ba wani abu ba ne, in ya daina sanyi sai a ɗura masa gas. Ban tanka ba saboda hannuna na cikin aiki. Yau da babu wuta, ku jawo bencin nan ku zauna, in ba ku labarin yadda na yi rayuwata a wannan sana'a. Sunana Audu, kun sani, amma daga Shanga har Wara ba wanda ke kirana da shi shi kaɗai. Audu Mai Sanyi ake ce mini.

Aikina na farko da na yi ni kaɗai, firijin wani mai kemis ne a nan Yelwa. Lokacin ina shekara ta biyu a hannun maigidana, Oga Sunday, wani Bakambare daga ƙauyukan tudu na ƙasar Ngaski, wanda ya koyo aikin a Kaduna. Ranar ya tafi biki, mai kemis ya aiko, ni kuma na ɗauki tukunyar gas na tafi ina taƙama. Na ɗura, firij ya yi sanyi, aka yi mini godiya. Bayan kwana uku ya sake mutuwa, magungunan da ke ciki suka lalace. Oga Sunday bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya sa ni gaba muka koma, ya miƙo mini kwano da ruwan sabulu da gashin kaza guda ɗaya, ya ce in bi bututun nan ina shafawa tun daga farko har ƙarshe. Na kusa awa biyu a durƙushe kafin na ga kumfa na tasowa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Huda ce da ba ta kai bakin allura ba.

"Yanzu tashi ka gaya wa mai shago abin da ka yi," in ji Oga.

Na tsaya gaban mutum da masu sayen magani na ce na zuba gas a cikin abu mai yoyo ban duba ba. Tun daga ranar ban sake buɗe tukunyar gas ba sai na san ta inda na farko ya fita.

Kayan aikin da kuke gani a jakar nan, rabinsu na Oga ne. Gejin nan mai agogo biyu shi ke gaya maka ƙarfin gas a ɓangaren zafi da ɓangaren sanyi. Injin nan ƙarami shi ke zuƙe iska da laima daga bututu kafin a ɗura, domin ɗigon ruwa guda ya isa ya daskare ya toshe siririn bututun da ke kai sanyi. Ga mita ta auna wuta, ga fitilar walda, ga abin yanka bututun jan ƙarfe. Amma Oga ya hana ni taɓa ko ɗaya sai da na yi watanni ina sauraro. Kwamfaresa, injin da ke tura gas a bututu, in tana da lafiya gurnaninta a kwance yake. In ka ji tana tashi tana yin "ƙas" tana mutuwa, ko dai wuta ba ta kai ba, ko rile, ɗan abin da ke tayar da ita, ya ƙone. In an ɗauko firij a kwance a bayan mota, sai ka bar shi tsaye wuni guda man cikinsa ya koma mazauninsa kafin ka kunna. Da yawa sun kashe sabon firij saboda gaggawar ganin sanyi.

Da tsufa ya kama Oga Sunday, ya bar mini shagon ya koma ƙauyensu noma. Bayan 'yan shekaru wani kamfanin lemo ya fara raba wa masu shaguna firij mai ƙofar gilas, a kan sharaɗin ba za a sa komai a ciki ba sai kayansa. Suna neman wanda zai riƙa kula da su daga Shanga zuwa Wara har da gungunan, wato tsibiran cikin tafki, wakilinsu na yankin nan, wani mutumin Zariya mai suna Nasiru, ya zo ya same ni. Na karɓa. Firij ashirin da bakwai ne a hannuna.

Wata rana Nasiru ya zo ya ce kamfani ya canja hannu, wasu mutanen Japan sun saye shi. Na yi dariya. Mu abin da muka sani da Japan shi ne babur da janareta da injin jirgin ruwa. Ban taɓa jin suna yin abin sha ba. Lemon bai canja ba, kwalbar ma ba ta canja ba. Abin da ya canja shi ne aka ba kowane firij lamba, aka manna masa kati a gefe, duk ranar da na zo sai in rubuta abin da na tarar da abin da na yi. Aka kuma ba ni ɗan ma'aunin sanyi, aka ce in riƙa sa shi a tsakiyar kwalabe, ba a bakin ƙofa ba. Da farko na ɗauka wahalar banza ce. Daga baya katin nan ne ya nuna mini abin da idona bai haɗa ba: firijin cikin gari suna shekara ba su kira ni ba, na bakin ruwa kuwa duk wata uku sai kwamfaresa ta ƙone.

Lamba goma sha tara shi ya fi ba ni wuya. Yana shagon Inna Kulu a wani gungu da ake shiga jirgi daga Wara kafin a kai. Inna Kulu dattijuwa ce mai kaifin baki, mijinta Malam Idi tsohon masunci ne da ciwon suga ya kwantar. Shagon nan shi ke riƙe da gidan. Masunta in sun fito da rana tsaka, wurinta kaɗai ake samun abu mai sanyi a duk gungun. Karo na uku da na canja mata kwamfaresa, na ƙi tafiya. Na zauna wuni guda ina kallon firijin yana aiki. Bayan shagon akwai wurin bandar kifi. Hayaƙin banda yana da maiƙo, fankar firij kuwa a ƙasa take, tana zuƙo hayaƙin tare da yashi da ɓawon kifi tana mannawa a ragar da ke fitar da zafi. Cikin 'yan makonni sai ragar ta zama kamar an yaɓa mata laka. Zafi ba ya fita, kwamfaresa na ta aiki ba hutu har ta ƙone. Ga shi kuma in ruwa ya cika, laima na tasowa ta daɓen.

Na dawo Yelwa na yanka ƙarfe na yi masa ƙafafu huɗu masu tsawon kamu ɗaya da rabi. Na samu wayar tagar da ake sawa saboda sauro, na yi mata firam da za a iya zarowa a wanke a mayar, na ɗaura a gaban fankar. Don in ɗaura sai da na huda jikin firijin wuri shida. Na san dokar kamfani ta hana a huda ko a ƙara wani abu a kayansu. Ban gaya wa Nasiru ba. Na nuna wa Inna yadda za ta wanke wannan sabuwar ragar duk mako da ruwan sabulu. Wata takwas suka wuce bai mutu ba. Sai na yi wa wasu guda biyar irin haka.

Ana cikin haka Nasiru ya zo fuskarsa ba daɗi. Ya ce ofishin Legas ya gaji da sayen kwamfaresa. Sun yanke shawarar kwashe duk firijin da ke bakin tafki, kuma suna zargin ko mai gyaran ne bai iya aiki ba. Amma shugaban sashen kayan sanyi, Bajapane ne, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya zo ya gani da idonsa.

"Daga Legas zai zo saboda firij?" na tambaye shi.

"Haka suke, Malam Audu. Ba sa yarda da takarda sai sun taka wurin."

Na yi tunanin in riga shi zuwa in cire ƙafafun da ragar. Amma hudar tana nan, kuma in na cire, firijin Inna zai sake mutuwa. Na bar su.

Bajapanen ya iso ranar wata Talata, mutum gajere mai furfura a gefen kai, da rigar aiki mai aljihu da yawa. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ni, ya miƙo mini katin sunansa da hannu biyu. Nasiru ya ce sunansa Mista Hamada. Masu jirgi a Wara suka yi ta mamaki, wai mutumin da ƙasarsu ruwa ya kewaye a sa masa suna Hamada. Da Nasiru ya fassara masa, ya yi dariya ya ce a harshensu ma'anar sunan gonar shinkafa a bakin ruwa. Mai jirgin ya ce to ai ɗan Yawuri ne bai sani ba.

Da muka sauka, Inna Kulu na tsaye a ƙofar shago ta riƙe ƙugu.

"Audu, wanga shi na za ya ɗauke mini firij?"

"Dubawa ya zo yi, Inna."

"To ya duba da kyau."

Mista Hamada bai fara da ƙofar gilas ba. Ya zagaya baya, ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, ya durƙusa. Ya ga ƙafafun. Ya zaro ragar, ya ɗaga ta a rana, ya shafa yatsa ya sansana. Ya haska tocila ciki ya ga ragar zafin tas. Ya karanta katin tun daga layin farko. Sannan ya ɗago ya tambaya wa ya huda firijin kamfani.

Na ce ni ne.

Ya ce wa ya ba ni izini.

Na ce babu.

Ya ce me ya sa ban nema ba.

Na gaya masa gaskiya, cewa na san in na nema za a ce a'a, domin wanda zai amsa bai taɓa ganin hayaƙin banda ba. Nasiru ya ɗan yi jinkiri kafin ya fassara. Mista Hamada ya ce in kai shi inda hayaƙin yake. Ya tsaya kusa da matan da ke banda har idonsa ya yi ja yana hawaye. Ya dawo ya fito da ma'auni da littafi, ya auna tsawon ƙafafun, ya zana ragar da firam ɗinta, ya tambaye ni me ya sa kamu ɗaya da rabi ba kamu biyu ba. Na ce in ya fi haka, mace mai matsakaicin tsayi ba za ta kai layin sama ba. Ya rubuta wannan ma.

Sai ya buɗe ƙofar don ya auna sanyi. A layin ƙasa, bayan kwalabe, akwai wani gwangwanin alawa. Na san abin da ke ciki, na kuma san an hana. Ya ɗauko ya buɗe, ya ga ƙananan kwalaben allurar ciwon suga.

Inna ba ta jira tambaya ba. "Ka gaya mishi na maigidana na. Likita ya ce in ta yi zafi ta lalace. Gungun nan kaf babu wani wuri mai sanyi. In laifi na, ni na yi, ba Audu ba."

Mista Hamada ya rufe gwangwanin. Bai mayar da shi inda yake ba. Ya ce wurin ya yi kusa da inda sanyi ke fitowa, allurar za ta iya daskarewa, kuma daskarewa ma na lalata ta. Ya janye kwalabe uku a layin tsakiya, ya ajiye shi a nan, ya rufe ƙofa.

"Mi ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce nan ya fi," in ji Nasiru.

Mista Hamada ya so ya ga yadda sanyin zai kai bayan awa biyu da rufewa, don haka muka zauna a gindin wata bishiya. Inna ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya wanke hannu ya ci kamar yadda ya ga muna ci. A nan ne na tambaye shi yadda aka yi mutanen Japan suka shiga harkar lemo har suka iso Yawuri. Ya ba da labari a hankali, Nasiru na juyawa.

Ya ce kamfaninsu ya haura shekara ɗari. Wanda ya kafa shi almajirin sana'a ne kamar mu, ya yi shekaru yana yi wa wani mai shagon magani aiki, a nan ya koyi haɗe-haɗe da sanin ɗanɗano da hanci da harshe. Da ya samu 'yanci ya buɗe ɗan shago mai ɗaki ɗaya a wani birnin 'yan kasuwa. Abin shan da ya fara sayarwa irin na Turawa ne, mutanensa suka ce ya yi tsami, ba wanda ya saya. Bai ce ba su san daɗi ba. Ya koma ya yi shekaru yana ragewa yana ƙarawa har ya dace da harshensu. Daga nan shago ya zama masana'anta. Yaƙi ya zo, wuta ta cinye musu wuraren aiki, suka sake ginawa.

Nan ya dakata ya dube ni. Ya ce akwai abin da ya kamata in sani tun da ni Musulmi ne: abin shan farkon nan giya ce, kuma har yanzu kamfanin na yin ta a wasu ƙasashe, ko da yake ɓangaren da ya zo Najeriya lemo kawai yake yi. Nasiru ya so ya tsallake wannan, Mista Hamada ya lura, ya ce ya faɗa mini duka. Na ga girmansa a wannan. Da na dawo Yelwa na kai wa limamin unguwarmu maganar. Ya tambaye ni abin da ke cikin firijin da nake gyarawa, na ce lemo da ruwa. Ya ce in ci gaba da aikina, amma ranar da aka kawo wani abu dabam in ajiye jaka. Ba a taɓa kawowa ba.

Mista Hamada ya ci gaba da cewa bayan yaƙi 'ya'yan mai kamfanin suka shiga yin lemo da gahawa a gwangwani da ruwan sha. Suka sa shayi a kwalba ba sukari, mutane suka yi musu dariya, wai wa zai sayi abin da kowace uwa ke dafawa a gida. Yau ana shan sa a ko'ina a ƙasarsu. Ya ce a can akwai injuna a bakin titi, ka sa kuɗi kwalba ta faɗo, mai sanyi ko mai zafi. Shi da kansa da cika waɗannan injuna ya fara aiki yana saurayi, yana tura amalanke, yana goge gilas, yana share ragar zafi da buroshi. Shi ya sa ya fara da bayan firij.

Ya ce da suka ga tsofaffi na yawa a ƙasarsu, jarirai na raguwa, suka san dole su fita waje. Suka riƙa sayen kamfanonin abin sha a Turai da Amurka da ƙasashen Asiya, har abin ya kawo su Afirka. Inda duk suka je, ba sa cewa sai an sha irin nasu. Suna barin wa mutane ɗanɗanon da suka saba, su kawo tsari da tsabta. Ya kuma ce suna kula da dazuzzukan da ke kan duwatsun da ruwansu ke ɓuɓɓugowa, suna dasa itatuwan da ba za su ga girmansu ba, domin mai sayar da abin sha ruwa ne jarinsa. Da ya faɗi haka ya daɗe yana kallon tafkin.

Ya fito da kwalbar shayin nan daga jakarsa ya miƙa wa Inna. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wanga ai ruwan ganye na, an manta da sukari. Ka gaya mishi kar ya kawo shi nan, ba shi saidawa."

Mista Hamada ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ga shi ta ba shi shawarar da ake biyan masana su bayar.

Da awa biyu ta cika, ma'auni ya nuna sanyin da ake so. A cikin jirgi muna komawa ya ce mini abu biyu. Na farko, ba za a kwashe firij ko ɗaya ba, kuma in yi wa sauran na bakin ruwa irin wannan aikin, kamfani zai aiko da ƙarfe da waya. Na biyu, na yi kuskure da na ɓoye. Ya ce da na faɗa tun farko, da kwamfaresa da yawa ba su ƙone a wasu garuruwan ba. Ya ba ni lambar wayarsa ya ce nan gaba in an ce a'a in kira shi. Na karɓi faɗan, domin gaskiya ce.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar kwana ta Birnin Yawuri. Hanyoyi suka zama abin tsoro. Motar kamfani ta daina zuwa, kayan gyara suka yanke, shaguna da yawa suka rufe. Na koma gyaran fanka da injin ban ruwa. Mutanen ƙauyukan tudu suka riƙa gangarowa da kayansu a ka. Wata safiya na buɗe shago na tarar da Oga Sunday zaune a kan bencin da kuke kai, da matarsa da ƙunshin kaya biyu. An ƙone musu rumbu. Na share musu ɗakin baya.

A cikin wannan hali wani mai jirgi ya kawo mini saƙon Inna Kulu: firij ya daina sanyi, allurar Malam Idi na cikin randa. Na shirya, Oga ya ce zai bi ni. Da na buɗe na tarar motar fankar, wato ɗan injin da ke juya ta, ita ce ta ƙone. Ba ni da sabuwa, babu kuma inda za a samu kusa. Na ce wa Inna sai dai haƙuri. Oga ya karɓi motar ya juya ta a hannu, ya ce a nemo masa duk wata matacciyar fanka da ke gungun. Aka samo guda biyu. Ya warware wayar cikinsu, ya zauna a inuwa, ya riƙa naɗawa da hannu zagaye bayan zagaye yana lissafi a ransa, idonsa ba ya gani sosai, yatsunsa ne ke gani. Tun hantsi har la'asar. Ni da na yi shekara talatin a sana'a, aikina ranar shi ne riƙe masa waya. Da muka ɗaura aka tayar da janareta, fanka ta juya. Wannan aikin babu ɗayanku da ya iya, ni ma rabi na iya.

Babu kwalbar kamfani ko ɗaya a cikin firijin a lokacin. Akwai gwangwanin Malam Idi, da ruwa a leda, da allurar rigakafin yara da ma'aikaciyar lafiyar gungun ta roƙa a ajiye mata, tun da 'yan gudun hijira sun ƙaru. Wannan karon ban ɓoye ba. Na kira Mista Hamada da ɗan Turancina na gaya masa. Ya fara tambayar ko muna lafiya, ni da iyalina da Inna. Sannan ya tambayi abin da ma'auni ya nuna. Na faɗa masa. Ya ce daidai ne ga allura, in bar shi haka, in rubuta a katin.

Bayan abubuwa sun ɗan lafa, Nasiru ya zo da labarin cewa Japanawa sun sayar da ɓangarensu na nan ga wasu, sun tattara sun koma inda suka fi ƙarfi. Ban ji daɗi ba, amma kasuwa ce. Lemon na zuwa har yanzu, sababbin masu shi sun bar ni a kan aikina, sun kuma bar katin.

Bara da rani sai ga saƙo a wayata daga Mista Hamada. An mayar da shi wata ƙasa da ake kira Biyetnam, wani yanki mai koguna da yawa inda ake kai kaya da jirgi kamar nan, ana kuma shanya kifi. Ya ce firijinsu na can ma na mutuwa, ya fito da tsohon littafinsa ya ba masu ƙerawa zanen. Ya turo hoto: wani shago na katako a bakin ruwa, wata mata da faffaɗar hula tsaye kusa da firij. Firijin na kan ƙafafu huɗu, ga raga a gaban fanka, sai dai tasu daga masana'anta ta fito, mai santsi, ba tabon walda. A ƙarƙashin hoton ya rubuta tsawon ƙafafun, na auna wannan tsawon da hannuna, kamu ɗaya da rabi ne.

Da na je gungun na nuna wa Inna Kulu. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta, ta daɗe tana kallon matar. Ta tambaya ko ruwansu na da kifi, na ce an ce yana da shi. Ta tambaya ko kwana nawa ake yi a jirgi kafin a kai, na ce ba a zuwa da jirginmu.

Ta miƙo mini wayar.

"To ka aika mata ta riƙa wanke ragar duk mako," in ji ta. "Wurinsu da nisa, in ya mutu ba ka iya zuwa."